Ƙullin Baba

2 ga Disamba

Zuwa ga Goggo, mai kula da gidan 'yan mishan,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da yaran da ke hannunki. Ba ki san ni ba. Ni ce mahaifiyar Dogo, wanda yake aikin bishara a wurinku shekara ɗaya da wata takwas ke nan. Da wuya ya rubuto bai ambace ki ba.

Babansa ya rasu mako uku da suka wuce. Jinyar ko kwana goma ba ta kai ba. Kafin ya cika ya riƙe hannuna ya ce kada a sanar da yaron sai ya kammala, tunda wata huɗu suka rage masa. Na san ɗana. In ya ji, a ranar zai tattara kayansa ya bar aikin da babansa ya fi alfahari da shi.

A takarda ina iya ɓoyewa. Ranar Kirsimeti nake tsoro. Na san dokarku: ba sa riƙe waya, sau ɗaya a shekara ake ba kowa minti goma sha biyar ya kira gida da wayar ofis. Bara babansa ne ya ɗauka. Bana in ya ce, "Ba ni Baba," me zan ce? Muryata za ta tona ni.

Ina roƙonki, ki san yadda za ki yi kada kiran nan ya yiwu. Ga ƙunshin tsarabarsa nan, ki ba shi a ranar.

Ki gafarce ni da na ɗora miki wannan nauyi.

Taki cikin Ubangiji,
Mahaifiyar Dogo

14 ga Disamba

'Yar'uwata Maman Dogo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya. Ubangiji ya ba ki haƙuri. A tsaye na karanta takardarki a kicin, har albasata ta ƙone ban sani ba.

Ba zan ɓoye miki ba, roƙon nan bai yi mini daɗi ba. Su huɗu ne a gidan, tun watan jiya suke soke kwanaki a jikin kalandar kicin. Ɗanki kuwa a bayan ambulan yake jera abin da zai faɗa, wai kada minti ɗaya ya tafi a banza. Jiya yana kankare mini tukunya ya ce, "Goggo, in Baba ya fara labarin katako da ƙusa, minti goma sun tafi ke nan." Na ce masa hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Ni ma na binne miji, ba zan ce miki a'a ba. Sai dai ban iya ƙarya ba, fuskata ce ke fara kai ƙarata. Zan gwada.

A gaida mutanen gida.

Taki,
Goggo

27 ga Disamba

Maman Dogo,

Barka da Kirsimeti, in har akwai barkan. Ga yadda aka yi, ba ragi ba ƙari.

Da safe, kafin mu tafi sujada, na shiga ofis da tsintsiya kamar mai shara, na zare igiyar wayar daga bango, can bayan kabad. Da muka dawo na zuba musu shinkafa da kaza. Auta, ƙaramarsu, ta yanka taurari da tsofaffin takardu ta liƙa a taga, rabi sun faɗo tun kafin a yi addu'a. Suka ci, suka yi ta tsokanar juna, kowa ido na kan agogo.

Na raba musu tsaraba. Dogo ya daɗe yana juya ƙunshinsa. Ya ja zaren ƙullin sau ɗaya, ya kwance. Ya duba rigar sanyin da kika saƙa, ya ce ta yi kyau, ya naɗe zaren ya sa a aljihu. Ban kawo komai a raina ba.

Ƙarfe biyu suka yi layi a ƙofar ofis, Auta a gaba. Ta ɗaga waya, shiru. Na ce, ina kallon ƙasa, "Ƙila layin ne ya lalace."

'Yar'uwa, kukan da yarinyar nan ta yi! Ashe uwarta ba ta da waya, tafiyar awa guda take yi zuwa shagon wani ta zauna jiran kiran. Kunya ta rufe ni. Ina ta tunanin uwa ɗaya, na manta akwai uku da ke zaune suna jira.

Dogo ya ce, "Bari in gani." Ya ture kabad ya durƙusa. A nan wautata ta fito fili. Da na yar da igiyar a ƙasa, sai a ce shara ce ta fizge ta. Amma hannuna ya saba, na naɗe ta tsaf na rataye a ƙusa, yadda nake yi wa igiyar dutsen guga. Ya dubi igiyar, ya ɗago ya dube ni. Ya mayar da ita, ya miƙa wa Auta waya.

Uku suka kira gida. Da aka zo kansa ya ce, "Auta, haɗa da nawa, kuka ya cinye miki rabin naki." Ya wuce kicin ya wanke kwanuka kaf, har waɗanda ba a ci da su ba. Da yamma aka zauna waƙoƙin haihuwar Almasihu. Shi ne mai babbar murya a cikinsu, amma a baiti na biyu na daina jin sa.

Ban faɗa masa ba, bai tambaye ni ba. Yau da safe ya ba ni wannan 'yar takarda ya ce in haɗa da tawa. Ban buɗe ba. Na kasa riƙe miki amana, kuma ban san ko in yi baƙin cikin hakan ba.

Ki yafe mini.

Goggo

27 ga Disamba

Mama,

Ina gaishe ki. Rigar ta yi mini daidai, na gode.

Tun ina yaro ba a taɓa kwance ƙullin Baba ba sai da wuƙa, ke ma kina yi masa faɗa a kan haka. Na ƙunshin bana kuwa da ja ɗaya ya kwance.

Ban kira ba don kada ki sha wahalar yi mini ƙarya. Kada ki ga laifin Goggo, ta yi iya yinta. Zan ƙarasa watannin, na san shi ya ce kada a faɗa mini sai na kammala.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto mini ranar da ya rasu. Ina so in duba littafin aikina in ga abin da nake yi a lokacin.

Ɗanki,
Dogo