Ranar da Suka Ce Ya Falmata Mayya Ce

Gashuwa, daren Laraba, cikin watan Safar.

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Yau da hantsi mutanen unguwarmu suka jawo Ya Falmata, tsohuwa mai daddawa, wai ita ta kama kurwar ɗan maƙwabcinmu da ke kwance da zazzaɓi. Suka yage mata zane, suka ce sai ta tsallake yaron. Matar da ta yanke cibiyar rabinsu!

Ban san lokacin da na bar keken ɗinkina ba. Na tuɓe rigata na rufa mata, na kama hannunta muka fito.

Da la'asar Yaya Bukar ya same ni a zaure. Ya ce, "Kai kaɗai ka fi duk unguwa hankali? Haka muka tarar iyaye na yi. Wa ya ce maka ba daidai ba ne?"

Na ce, "Yaya, ba wanda ya ce mini. Na ga tsiraicin sa'ar uwarmu, zuciyata ta ƙi."

In yawan mutane ke mai da abu gaskiya, me ya sa kowannensu ya sunkuyar da kai da na dube shi? Abin da Allah ya sa a ƙirjina ya sa a nasu, tsoron juna ne ya danne shi.

Wai ba mai ƙara kawo mini ɗinki. Su riƙe tsummokaransu. Ya Falmata tana ɗakin matata tana barci, gobe kuma ni zan raka ta kasuwa, ta tsakiyar unguwa.