Akwatin da Aka Auna wa Brais

Ɗana Brais,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Kafinta ya kawo akwatin gawarka, ya yi kyau. Bikin Waliyyiya Marta saura sati biyu. Ranar da aka tsamo ka daga teku da rai, da bakinka ka yi bakance za ka kwanta a ciki a zaga coci da kai, kamar duk wanda ta ƙwato daga mutuwa. Kada ka kunyata ni.

Jami'a ta turo mini ɗalibin musaya daga Kamaru, sunansa Armand. Yana ɗakinka. Tsayinku ɗaya, amma shi yana cinye miyar kabejina ba tsaki. Ga tambaya kamar alƙali!

Uwarka,
Sabela

*

Mama,

Ina gaisuwa, ya ƙafar? Jirginmu zai tashi, ba zan samu zuwa ba. Haba Mama, mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle bakance. Ki kunna wa Waliyyiyar kyandir kawai. Har yanzu tarin nan bai sake ni ba, kullum ina mafarkin ruwa.

Naki,
Brais

*

Brais,

Gaisuwa a taƙaice. Na yi ɓarna. Armand ya gan ni ina kuka a kan akwatin, ya yi dariya ya ce, "Inna Sabela, al'adarku na zo gani, bari in gan ta daga ciki." Ni kuma, tsohuwar banza, na sa masa farar rigarka.

Ranar bikin da rana tsaka aka ɗauke shi a cikin akwatin, ana waƙa, yana ɗaga wa mutane hannu. A zagaye na biyu ya daina. Da aka sauke shi, rigar sharkaf take. Na ce gumi ne, sai da na ga gishiri ya bushe a gashinsa.

Kwana shida ke nan ba ya waiwayowa in an kira sunansa. Jiya uwarsa ta bugo waya, ya saurara, ya miƙo mini ya ce, "Wace ce wannan?" Yana ta tambaya ko an ga gawar Xurxo, abokinka da ya nutse a gefenka. Wallahi ban taɓa faɗa masa sunan ba.

Tsoro nake ji. Amanar mutane ce, Brais. Tsofaffi sun ce in ka zo ka kwanta da kanka, ko ba biki, Waliyyiyar za ta sake shi. Don Allah ka zo.

Uwarka

*

Mama,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini abin da zan faɗa. Tun ranar bikin tarin ya tsaya cak, ruwa ya fita daga mafarkina. Shekara guda rabona da irin wannan barci. Na ji tausayin yaron, amma ba zan iya shiga akwatin nan ba. Ki haɗa masa kayansa ya tafi gida, canjin iska zai warkar da shi.

Naki,
Brais

*

Zuwa ga mutumin da ke cikin jirgi,

Gaisuwa. Na tarar da wasiƙarka a kan tebur, Mama ta karanta tana kuka. Ban san ka ba, amma rubutunka irin nawa ne sak. Ka daina tayar mata da hankali. Babu inda za ni, nan ne gida. Ta daɗe tana kira na da wani suna, yau dai da safe na ce "Mama", ta amsa.

Ka huta lafiya.

Ɗanta,
Brais