Takardar Haihuwar Hajara

Nazifi,

Allah ya taimake ka kana aikin dare a Kudenda, da na yi maka baki.

Ambulan ɗin da ka miƙo mini jiya, ka ce takardar haihuwar ƙanwarka ce. Na yi layi a wurin rajistar jarrabawa tun safe har la'asar, mai rajistar ya buɗe a gaban jama'a, sai ga takardar kuɗin wuta! Kuɗin cefane kaf ya tafi a keke da hoto da ruwan leda.

Yau ake rufe rajistar jarrabawar Hajara, kai kuma ka kulle ɗakinka ka tafi da makulli. Na tafi kama layi. Ka kawo mini takardar kafin ƙarfe goma, kar ka kwanta.

Kar ka buɗe tukunya, babu komai. Takardar wutarka na kan murfin.

Ummanka