Littafin Sweden da Aka Ɗauke Kafin a Buɗe Akwati

Zuwa ga Mai Girma Manajan kantin littattafai na ƙasan benenmu a unguwar West Bay, Doha,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kasuwa na albarka.

Ina shelanta wa gabas da yamma cewa ranar Talatar da ta gabata an tafka ta'asa a kanta ta uku daga ƙofa: an ɗauke littafi guda, an jera kwalaben turare a gurbinsa. Ni ne mai gadin bene, wanda ke shigowa bayan azahar yana shafa littattafai kamar mai niyyar saye.

Na ɗaya. Littafin ƙagaggen labari ne daga Sweden, fassarar Turanci. Wata biyu ina karanta shi a tsaye, shafi huɗu kullum, tsinken sakace ne alamata. Wani dattijo ne ya koma gidan mahaifiyarsa bayan rasuwarta, yana kwashe kayanta ɗaki bayan ɗaki. Mutanen can ba sa gaggawa, ranka ya daɗe. Babi sukutum ya cinye yana kallon kofin shayinta.

Na biyu. Tawa Innar ta rasu a Funtuwa da hantsi, kafin la'asar an kai ta makwancinta, ina nan tsaye ina duba katin baƙi. Kafin kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya sa hannu a takardar hutuna, an yi sadakar bakwai, an buɗe adakarta, an raba. Ko ɗankwali ban gani ba. Har yau ban san abin da ta ajiye a can ƙasan adakar ba, inda take buge mana hannu muna yara.

Na uku. Ranar Litinin dattijon ya durƙusa gaban akwatinta na ƙarshe, makulli a hannu. Nan ɗan hutuna na azahar ya ƙare. Washegari na tarar da turare.

Roƙona, a dawo da littafin na kwana uku rak. Kada kowa ya ba ni labarin ƙarshensa. So nake a buɗe akwatin ina wurin, ko da na uwar wani ne.

Allah ya ƙara ciniki, ya ja kwanan mahaifiyarka idan tana raye, ya jiƙan ta idan ta riga mu.

Kotun da na kafa a ɗakinmu na Bin Omran, ni alƙali ni wanda ake tuhuma, ta same ni da laifin karatu ba saye. Tara: mako guda shayi ba sukari, tsinken sakacen kuma na bar wa kanti.

Wassalam.

Mai gadin ƙofar gabas, Doha.