Muryarka Tana Yawo a Garwa

Baban Halima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da ranka ma ba ka son a rubuto maka, ka fi son a zauna a faɗa maka da baki. To, yau bakin ne ba shi da wanda zai faɗa wa, shi ya sa na ari biron Halima.

Muna nan lafiya daidai gwargwado. Halima ta shiga ajin ƙarshe a lise, makarantarsu ta sakandare, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. Na fita takaba, na koma kan keken ɗinkina a zaure. Kogin Binuwai ya ja baya, dorinai sun fito suna kwanciya a kan yashi ƙarƙashin gada, masu moto suna tsayar da baburansu suna kallo. Darbejiyar tsakar gida ta karya reshe a iskar ƙarshen damina, reshen da kake rataye rigarka. Ban bari an sare sauran ba.

Ƙungiyarku ta Buɗe Hanya kuwa ta ƙara ƙarfi. Zaɓe ya matso, hoton ɗan takararku ya cika bangaye tun daga babbar kasuwa har Yelwa. Maganar dai ita ce wadda ka bari: a matso kusa da Najeriya da Cadi, a rage shingaye, takarda ɗaya ta ishi ɗan kasuwa daga Kusiri har Yola, a yi gada a mashigin da kwalekwale ke kifewa da mutane duk damina. Yayana Buba yana nan a kan bakansa, wai in aka buɗe ƙofa masu satar mutane ne za su fara shigowa. Da kai yake wannan gardama. Yanzu ni yake yi wa, ni kuwa ban iya ba shi amsa irin taka ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kullum cewa nake yi aikinka na shela hayaniya ce, kana ƙona maƙogwaro saboda manyan da ba za su tuna da kai ba. Amma duk ranar da motar shelarku ta biyo layinmu, nakan ɗauke ƙafa daga keke in saurara. Ka yi da Hausa, ka juya Fulatanci, ka ƙarasa da Faransanci, numfashinka bai sarƙe ba. Matan da suka kawo ɗinki su dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ina neman allura. Daɗi nake ji. Me ya hana ni faɗa maka ko sau ɗaya?

Ban ga gawarka ba, ka sani? Hamma Sali, amininka mai tuƙa motar shela, shi ya zo da hularka da takalmanka a leda. Ya ce kun tsallaka Wuro Mayo, can ɓangaren Najeriya, kana tsaye da makirfo a hannu sai ka yanke magana a tsakiyar kalma, ka zauna kamar wanda ya gaji. Shi ke nan. Kogi ya cika, ga zafi, ga takardun tsallako da gawa da ba a samu a yini ɗaya. Kafin la'asar mutanen garin sun yi maka sutura. Kai da ka ƙare rayuwarka kana roƙon a buɗe hanya, hanyar ta ƙi buɗuwa ko don a kawo ka gida.

Ina cikin takaba na fara jin ka. Da tsakar rana ne, lokacin da unguwa take yin tsit, kaji ma suna laɓewa a gindin bango. Sai kawai ga muryarka daga bakin titi: "Jama'ar Garwa, jama'ar Marwa da Kusiri, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi da Njamena, ruwa ɗaya muke sha, ku fito!" Ban san lokacin da na kai ƙofar gida ba mayafi ba. Daga baya Hamma Sali ya zo ba da haƙuri. Shelar da ka ɗauka a waya ce suke sawa, wai sun gwada mutum uku, ba wanda jama'a ke fitowa su ji kamar kai.

Na san wannan shela kamar Fatiha. A gabana ka ɗauke ta, ƙarƙashin darbejiya, ka yi ta maimaitawa har tuwo ya huce. Akwai wurin da ragonmu ya yi kuka a bayanka, ka yi tsaki, ka ce a bar shi, shi ma ɗan ƙungiya ne. Ragon nan shi aka yanka a sadakar bakwai ɗinka. Yanzu kullum yana kuka a titunan Garwa tare da kai. Na ci namansa, Baban Halima. Yaya kake so in ji?

Da haka dai na saba. Har nakan bi ka a zuci, kalma bayan kalma, ina ɗinki. Shi ya sa ranar da shelar ta canza, nan take na gane. Bayan ka ce Njamena, sai ka ja numfashi, wani dogon numfashi da ban san shi ba, ka ƙara da cewa "da Wuro Mayo". Allura ta shige mini yatsa ban ji ba.

Yaushe ka faɗi haka? Lokacin da ka ɗauki shelar ba ka san za ku je garin ba. Hamma Sali da bakinsa ya gaya mini wani gari kuka nufa, ruwa ya cinye hanya, da safiyar ranar aka canza. Na aika aka kira shi. Ya rantse ba wanda ya taɓa katin da shelar take ciki, a aljihunsa yake kwana. Na tambaye shi ko shi ma ya ji. Ya yi ta murza makullin mota, sannan ya ce shi yanzu ba ya son tuƙa ta shi kaɗai. Halima ta yi mana dariya. Ta ce zamanin nan ko ɗan ajinsu zai iya sa waya ta yi magana da muryar kowa, 'yan ƙungiya ne kawai suke son taɓa zuciyar mutane. Modibbo, malamin unguwarmu, ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, kunnen mai baƙin ciki ne yake ƙara abin da babu, in yawaita sadaka. Na yi sadakar. Na so in yarda da su duka biyun.

Sai maganar Dada.

Ka san mahaifiyarka tun rasuwarka ba ta cika magana ba. Idon ya ƙara dushewa, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, yini guda. Ni na san saboda ita ka shiga ƙungiyar nan, ko da ba ka faɗa a taro. An haife ta a tsallake, aure ya kawo ta nan, ba ta da katin shaida na ko wace ƙasa. Ranar da ƙanwarta ta rasu kuka je shinge aka maido ku, ka dawo ba ka ci abinci ba. A satin ka karɓi makirfo.

Wata rana motar ta wuce, kana cikin ɓangaren Fulatanci, sai na ji Dada ta ɗaga murya ta ce na'am. Da ƙarfi, irin amsar wanda aka kira daga bayan katanga. Ita ce fa ta koya wa Halima tun tana ƙarama cewa in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa. Na durƙusa gabanta na ce mota ce kawai, Dada. Ta ce ta san mota, ta kuma san ɗanta, kuma sunanta ka kira. Ni ban ji ba. Wallahi ban ji ba.

Daga ranar ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi ta ajiye kusa da filo. Duk wucewar motar sai ta amsa. Ran nan na shiga wanka, na fito babu ita. Wani mai moto ne ya dawo da ita, ya tsince ta dab da gada tana tafiya a kan kwalta ba takalmi, rana tana tsakiyar ka. Tafin ƙafarta duk ya tashi, amma ko uhum ba ta ce ba da nake shafa mata man shanu. Tambayata kawai take yi me ya sa na bari aka juyo da ita, alhali kana jira.

Ana haka shugabanku ya zo da mutanensa. Sun samu izini daga ɓangarorin biyu za su yi babban gangami a Wuro Mayo, na yini ɗaya, suna so iyalinka su zauna a gaba. Na gane abin da suke so, a nuna mu a tafa. Raina bai so ba. Amma na yi tunani, a cikin ayari mai tutoci ba wanda zai tsaya tambayar tsohuwa kati. Ko ban kai ta ba, wata rana za ta kai kanta, kuma ba lallai a samu mai moton da zai tsince ta ba. Na ce mun yarda.

Mun bar motoci a bakin ruwa muka shiga kwalekwale. An ɗora lasifikar motar shela a namu. Na roƙi Hamma Sali kada ya kunna, ya cire wayar daga batir a gabana ya riƙe ta a hannu. Ba abin da ya yi ƙara, sai ruwa da filafili da waƙar matasa daga sauran jiragen. Amma da muka kai tsakiya Dada ta karkata kai wajen lasifikar nan, tana gyaɗawa, tana cewa mi ɗon wara, ina zuwa, ina zuwa. Mai tuƙin ya dube ta, ya dube ni, ya ƙara sauri.

Garin ƙarami ne, da kukoki da rumbuna. Limaminsu ya ce tunda tsohuwa ce a bar ta ta shiga maƙabarta, ni na tsaya a bayan shingen ƙaya. Ya juya zai kira wanda zai nuna mata wurin. Kafin ya juyo ta yi gaba. Matar da ba ta ganin ƙwarya a gabanta sai an sa mata a hannu, ita ce ta ratsa tsakanin kaburbura ba ta taka ko ɗaya ba, ta je ta zauna gefen wani da ba shi da wata alama sai fasasshen tulu. Da na tambayi limamin, ya ce nan ne.

Ta nan na gan ka, daga nesa. Tudun ƙasa ne ɗan ƙarami, ciyawa ta fara fitowa. Na yi maka addu'a. Ka ji?

Gangamin ya yi jama'a, ba zan ɓoye maka ba. Mutanen tsallake da namu sun cakuɗe har ba ka gane wane ne na ina. An yi jawabai da harsuna uku, an tashe ni tsaye, aka yi ta kiran sunanka. Wata mai sayar da kifi ta riƙe hannuna ta ce shinge bakwai take wucewa kafin ta kai wa 'yarta ziyara a Garwa, Allah ya sa abin da ka mutu a kai ya tabbata. Da yayana Buba ya ji ta. Da ni ma na ji irinta tun kana raye.

Dada ta ƙi dawowa. Jikokin ƙanwarta suna wani ƙauye kusa, suka zo suka karɓe ta. Ta sa mini albarka, ta ce in kula da yarinya. Kafin watan ya mutu aka bugo waya. Ba ta yi ciwo ba, an kai mata kunu aka tarar ta cika. Sun sa ta kusa da kai. Wannan ka riga ni sani.

Bayan haka shelar ta koma yadda take. Njamena, sannan ruwa ɗaya muke sha, ba numfashi, ba Wuro Mayo. Na saurara sau da yawa don in tabbatar. Na ce alhamdu lillahi, uwa da ɗa sun haɗu, magana ta ƙare.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaure ina haɗa wuyan wata riga, Halima tana gefena tana cire zare. Motar ta shigo layi. Ka kira Garwa, ka kira Marwa da Kusiri, ka kai Njamena. Sai ka ja numfashin nan. Ka ce 'Yar Dugoi.

Ba da muryar shela ka faɗa ba. Da muryar da kake neman ruwan sha in ka dawo a gajiye ka faɗa. Wa ya san wannan suna? Ko Dada ba ta taɓa ji ba. Tun ranar da ka ɗauko ni daga unguwarmu Dugoi a Marwa kake tsokanata da shi, kuma sai mun rufe ƙofa.

Halima, wadda ta ce duk aikin waya ne, ita ce ta yi tsalle ta toshe mini baki da tafin hannunta. Ta danne har haƙorina ya fasa leɓena. Ba ta sake ni ba sai da motar ta sha kwana, ragon ya yi kukansa can nesa. Har yau ba mu yi maganar ba, ni da ita. Amma ta daina tsayawa karatun rana a makaranta, kafin azahar tana gida, tana zaune inda hannunta zai kai gare ni.

Ga gaskiyar da ta sa na ɗauki biro. Bakina a buɗe yake lokacin da ta rufe shi. Da na amsa. Ina kewarka har haka.

Amma ka yi haƙuri, Baban Halima. In kai ne, ka bar kirana. Yarinyar nan ba ta gama makaranta ba, ba ta da kowa a bakin kogin nan sai ni. Ranar zaɓe zan fita in jefa wa mutanenka ƙuri'a, ko Allah zai sa a yi gadar, mu riƙa zuwa muku ziyara da ƙafafunmu mu dawo gida kafin magariba. Iyakar abin da zan iya ke nan yanzu. In ka sake kira ka ji shiru, kada ka ɗauka fushi nake yi. Ina ji.

Ka gaida Dada. Allah ya haskaka makwancinku, ya sa in tawa ta zo in cika da imani, a lokacinta.

Matarka,
Habiba, uwar Halima
Garwa