Mai Wankan Gawa ta Dutse Alhaji

Maitama, 4 ga Maris, 2008

Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na aiko direba da wannan takarda ne saboda bakina ba zai iya faɗa ba.

Shekara uku ina roƙonki ki bar wankan gawar mata, wai kada a ma'aikatarmu a ji sana'ar uwata, ga ni Darakta guda. Shekaranjiya a Gwarinpa, gidan rasuwar matar ogana, muna zaune fal a falo, ba wadda ta iya shiga ɗakin da gawar take, sai aka ce an ɗauko wata tsohuwa daga Dutse Alhaji. Ke ce. Da kika gama kika fito, muka haɗa ido, na sunkuyar da kai. Kika ce mini, "Sannu Hajiya, ya haƙuri?" kamar ba ki taɓa goya ni ba, kika wuce.

Da ma mari kika yi mini. Kunya ta hana ni sakat. Ki yafe mini.

'Yarki,
Rekiya

Dutse Alhaji, 6 ga Maris

Rekiya,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Farouk da yara. Maƙwabciyata Monica ke rubuta mini.

Ke dai tun kina ƙarama kin iya sunkuyar da kai, musamman in kin sha mini nono a ƙwarya. Na yafe.

Ba ki taɓa tambayar yadda na fara ba. Lokacin da yayarki ta rasu muna baƙi a garin nan, babu dangi, babu mai yi. Na wanke ta da hannuna, ban yi kuka ba sai da na ɗaure likkafani. Ranar na ce ba wata uwa da za ta sake yin haka ina raye.

Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani a jikin mutum. Abin da na gani a Gwarinpa ma na rufe shi.

Abu ɗaya ke damuna. Gwiwoyina sun gaji, kuma ba wadda ta koya. Ban san hannun da zai wanke ni ba.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

Madam, ni Monica ne. Mama ya ce kar na rubuta, amma tun ranar bai ci abinci ba.

Maitama, 7 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa. Na nemi hutun mako biyu, na kuma rubuta dalili a takardar: zan je in koyi aikin mahaifiyata. Ina nan tafe gobe, babu direba.

Ki ci abinci, don Allah.

Rekiya