Rasuwar Malam Kyari Isiyaku Zaitawa, Malamin Kurame

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Wasannin Kurame ta Cikin Ganuwa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta kuma shugabanta, Alhaji Malam Kyari Isiyaku Zaitawa, wanda Allah Ya karɓi ransa jiya Talata da hantsi, yana da shekara sittin da ɗaya, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ɗa ne ga malamin Alƙur'ani ɗan asalin Borno. Sanƙarau ya ɗauke masa ji yana shekara tara, amma mahaifinsa bai ɗauke masa allo ba, har ya sauke. Da ya kammala karatun koyarwa, ya mai da zauren gidansu aji, inda ya shafe shekara talatin da huɗu yana koya wa kurame karatu, lissafi da salla da maganar hannu, ciki har da waɗanda iyayensu suka daɗe suna ɓoyewa a ɗaki. Daga wannan zaure ƙungiyar ƙwallonmu ta fito, alƙalin wasa na ɗaga jan ƙyalle maimakon busa usur. Shi ne mai tsaron gidanmu na farko, kuma har ya tsufa bai yarda an taɓa cin sa ƙwallo ta halal ba.

Bayan hare-haren Janairun 2012, da shingayen bincike suka cika gari, kurame suka shiga hatsarin da masu ji ba su lura da shi ba: za a ce mutum ya tsaya, bai ji ba, ya wuce. Mun shawarce shi mu dakatar da wasa. Ya amsa da hannu cewa wanda aka kulle a gida shekara goma ba za a sake kulle shi ba. Ya sa aka ɗinka mana rawayan kambu na damtse don a gane mu kurame ne, ya bi shinge-shinge daga Gwale zuwa Madabo da ƙafa, 'yarsa Malama Hauwa na yi masa tafinta, yana nuna wa jami'an tsaro yadda ake tsai da kurma. A tsawon wannan tashin hankali ba mu rasa ɗan wasa ko ɗaya ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakinsa, Hajiya Fanna, wadda tukunyarta ta ciyar da 'yan wasanmu shekara da shekaru, da 'ya'yansa biyar da ɗaukacin ɗalibansa. Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya.

Wasan ranar Asabar yana nan. Daga gadon asibiti Malam ya aiko a gaya mana kada a ɗage.

Ilu Ɗantani Madabo
Kakakin Ƙungiya
15 ga Oktoba, 2014